Indararon Haladu

A bayan shagon Haladu, a kasuwar Garki,
akwai maƙabartar da ba a yi wa kowa salla ba:
talabijin goma sha bakwai, fuska a fashe,
rediyon da muryarsu ta daɗe da ƙarewa,
fanka marar fiffike, da gawar firinji guda.
'Yan gwangwan sun yashe tagulla sun wuce,
sun bar ƙoƙon roba, kamar ƙwaryar da aka shanye furarta.

Da can ƙonawa ake yi.
Hayaƙi ya tashi baƙi ƙirin, ya sauka kan tsiren Na-Goma,
ya bi mutum har gida, ya kwana a maƙogwaronsa.

Ni kuwa damuwata katanga ce.
Damina uku ruwan kwanon ɗakina yana zuba a gindinta,
yana ci a hankali, irin cin bashi,
har ta fara rusunawa tana gaida maƙwabta.
Na je Gumel na taya indararon ƙarfe,
da na ji kuɗin sai na sayi goro na dawo.

Haladu ba mai yawan magana ba ne,
ya gaji da sauraron ta akwatuna.
Ran Laraba sai ga shi da zarto da buhu biyu.
Ya auna bakin kwano da igiyar akuya,
ya tsaga robar gida-gida, ya jera,
wannan ta hau kan wannan kamar ɓawon kifi,
ya ɗaure da tsohuwar waya, ya liƙe da kwalta.
Bayan talabijin, inda ramukan shan iska suke,
ya kifa shi a bakin magudana:
rariya ke nan, ganyen darbejiya ba zai wuce ba.
Cikin firinji, fari fat, ya kwantar a ƙasa,
ya ce, ga randarka.

Tabawa ta leƙo ta katanga tana dariya:
"Labaran duniya za ku kamo daga sama?"
Yara suka ɗauka, har layin masallaci.
Na yi shiru. Haladu ya karɓi kwano biyu na gero ya tafi.

Kwana tara babu ko yayyafi.

Daren na goma hadari ya haɗo daga gabas,
iska ta fara kaɗa ƙyaure,
sannan aka sako shi kamar da bakin ƙwarya.
Ina kwance ina jiran ƙarar da na saba,
ta ruwa yana haƙar gindin gini.
Ban ji ta ba.
Wata na ji, mai gurnani, mai ƙwanƙwasa,
tana gudu a saman kaina daga kusurwa zuwa kusurwa.
Azumi ta farka, ta kama hannuna cikin duhu:
"Baba, talabijin ɗin yana magana."

Da safe firinji ya cika har yana amai.
Haɗi ɗaya ya yi yoyo, muka cusa masa robar tayar keke.
Gindin katanga, a bushe.

Malamar asibiti ta biyo, ta duba, ta ɗaga yatsa:
wannan ba na sha ba ne, ba na tukunya ba,
ba a san me robar ta haɗiya ba a zamaninta.
Muka ji. Rijiya tana nan don ciki.
Na firinji ya tafi wanki, ya tafi gindin lalle,
sauran na kwaɓa ƙasa da shi, da ramno,
na yaɓe inda ya ci shekara uku.
Ruwan da ya ci katanga, shi ya biya.

Na san rana ba za ta bar robar ba,
rani biyu, ko uku, za ta fara tsatstsagewa.
Jiya na bi ta bayan shagon na ƙirga:
saura goma sha ɗaya.
Tabawa na tsaye a can, tana taya biyu.